Shaidu da yawa, babu jarumi: fashin baƙi kan muryoyi da jigogin littafin World War Z

Yawancin labaran zombi, a littafi ko a fim, hanya ɗaya suke bi. Annoba ta ɓarke, matattu sun tashi suna cizon masu rai, wanda aka ciza shi ma ya mutu ya tashi. Sai a ɗauko mutum biyar ko shida a kulle su a gida ɗaya, a bar mai kallo yana lissafin wanda zai riga wani mutuwa. George Romero ne ya kafa wannan zubi da fim ɗinsa na 1968, kuma har yau a kansa ake ta gini. Littafin World War Z, wanda marubucin Amurka Max Brooks ya fitar a 2006, ya kauce wa wannan hanya. Babu tauraro guda da za ka bi daga bangon farko zuwa na ƙarshe. Babu ma fargabar wa zai tsira, domin an gama yaƙin da kimanin shekara goma kafin a fara ba da labarin. Duk wanda ka ji muryarsa, ka riga ka san ya rayu.

To, me ya rage da zai riƙe mai karatu? Abin da ya rage shi ne yadda kowa ya rayu, da kuma yadda yake so a ɗauka ya rayu. Waɗannan biyun ba kullum suke zama abu ɗaya ba, kuma a tsakaninsu ne jigogin littafin suke.

Mai tattara labarin ma'aikaci ne na wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka ɗora wa rubuta rahoton bayan yaƙi. Ya zaga duniya yana hira da mutane. Da ya miƙa aikinsa, sai manyansa suka zubar da kusan rabi, suka ce ra'ayi da motsin zuciya sun yi yawa, su alƙaluma suke so. Abin da aka zubar ɗin ne ya tattara ya zama littafin da ke hannunka. Brooks ya aro wannan tsari daga Studs Terkel, ɗan jaridar Amurka da ya fitar da littafin hirarraki da mutanen da suka ga yaƙin duniya na biyu a 1984. Bambancin shi ne mutanen Terkel na gaske ne, na Brooks kuwa ƙirƙira ce. Amma dabarar ta zo da duk nauyinta: mai karatu ya zama kamar alƙali a zaman kotu, shaidu suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da yake karewa, kuma babu wanda zai gaya maka wanda ya fi gaskiya.

Shaidar farko ta likita ce, Kwang Jingshu, a ƙasar Sin. An kira shi wani ƙauye da aka sake wa matsuguni bayan ruwan babbar madatsar kogin Yangtze ya shanye tsohon garinsu. A can ya tarar da yaro ɗan shekara 12 a ɗaure, jikinsa sanyi ƙalau, babu bugun zuciya, amma yana fizge-fizge. Yaron ya shiga ruwa ne da mahaifinsa suna lalubo kayan da suka nutse a tsohon garin, wani abu ya cije shi, uban kuwa bai fito ba. Lura da abin da marubucin ya yi a nan. Bai ce ga asalin cutar ba. Ya dai nuna cewa ta fito daga ƙarƙashin wani aikin gwamnati da ya tashi talakawa daga muhallinsu, kuma abu na farko da hukuma ta yi shi ne kama likitan da rufe bakin kowa. Wanda ya tuna yadda aka yi ta ɓoye cutar SARS a 2002 zuwa 2003 zai gane inda aka dosa.

Daga nan cutar ta bi hanyoyin da kuɗi ke bi. Wani mai safarar mutane ya ba da labarin yadda ya riƙa tsallakar da masu kuɗi, yana sane da cewa wasunsu suna ɗauke da ciwon. Wani likita a Brazil ya dasa wa wani Bature zuciyar da aka sayo ta bayan fage daga Sin. Babu wanda ya ce "ni na jawo". Kowa cewa yake aikinsa kawai ya yi, in bai yi ba wani zai yi.

Sashen da ya fi dacewa ɗalibin nazarin mahanga, wato ta idon wa ake ba da labari, ya zauna a kansa shi ne wanda ke magana kan laifin wa. Mutum uku a ciki sun isa darasi guda. Breckinridge Scott ɗan kasuwa ne da ya sayar da rigakafi mai suna Phalanx, ya tara dukiya, sannan ya gudu ya ɓuya a wata tashar bincike a Antatika. Hujjarsa mai santsi ce: an ce cutar wani nau'in haukan kare ce, shi kuma rigakafin haukan kare ya sayar, hukuma ta sa hannu, to ina ƙaryar? A bakinsa, laifin na mutanen da suka yarda ne. Grover Carlson, tsohon shugaban ma'aikatan fadar shugaban Amurka, ya amsa cewa sun san maganin bogi ne, amma ya kwantar wa jama'a hankali, kasuwa ta ci gaba da tafiya, kuma babu ɗan siyasar da zai fito ya faɗi matsalar da ba shi da maganinta. Marubucin ya yi masa hukunci ba tare da ya ce uffan ba: a lokacin hirar, kashin shanu yake kwasa a wata masana'antar makamashi a Texas. Sai Mary Jo Miller, matar aure mai 'ya'ya biyu. Da aka tambaye ta ko ba ta damu ba, sai ta fara jero damuwoyinta na wancan lokaci: bashin mota, bashin kasuwancin mijinta, makarantar yara. Labaran duniya tayar mata da hankali suke yi, don haka ta daina kallo. Ta sayi Phalanx ta ba iyalinta, ta ɗauka an gama.

In ka karanta kowannensu shi kaɗai, za ka ga macuci, maƙaryaci da kuma wadda aka yaudara. In ka jera su, sai hoton ya canja. Scott ba zai yi ciniki ba sai da mai son a sayar masa da kwanciyar hankali. Carlson ba zai yi shiru ba sai da ya tabbata masu zaɓe ba sa son ji. Ita kanta Miller, can a ƙarshen littafin, ta ce zamaninta ne ya jawo, ba ta cire kanta ba. A ganina ita kaɗai ce cikin ukun ta faɗi gaskiya, kuma ita ce mafi ƙarancin laifi.

Akwai ƙasar da ta ji gargaɗi da wuri a labarin, wato Isra'ila. Wani jami'in leƙen asirinta ya bayyana ƙa'idar da ya ce sun ɗauka bayan yaƙinsu da ƙasashen Larabawa na 1973: in masana tara suka yarda a kan abu ɗaya, wajibi ne na goma ya saɓa musu, ya bincika abin da kowa ya ɗauka shirme ne. Brooks ya biyo bayan wannan da muryar wani Bafalasɗine, Saladin Kader, wanda ya ɗauki maganar annobar a matsayin makirci, har sai da mahaifinsa ya ja shi da ƙarfi zuwa cikin katangar da Isra'ila ta kewaye kanta da ita. Wannan sashe ya jawo muhawara, kuma da dalili, domin marubucin ya warware rikicin shekaru da dama cikin shafuka kaɗan, ta hanyar da ta fi yi wa ɓangare ɗaya daɗi. Mai nazari ya kamata ya riƙe wannan, ya san cewa mai tsara shaidun ma yana da inda ya karkata.

Yaƙin Yonkers, wani gari a arewacin birnin New York, shi ne wurin da littafin ya fi fitowa fili da sukarsa. Soja Todd Wainio ne ya ba da labarin. Manyan hafsoshi sun so su nuna wa duniya ƙarfinsu a gaban kyamara, suka jibge tankoki da rokoki da jiragen yaƙi. Amma duk waɗannan makamai an ƙera su ne don su tsorata abokin gaba, su zubar masa da jini, su karya masa zuciya. Gawa kuwa ba ta jin tsoro, ba ta damu da zubar jini ba, in ba ƙwaƙwalwa aka fasa ba tana nan tafe. Na'urar da ta haɗa sojoji don kowa ya ga abin da ɗan'uwansa ke gani ita ce ta yaɗa firgici cikin daƙiƙoƙi. An fitar da littafin ne ana tsakiyar yaƙin Iraƙi, shekara guda bayan guguwar Katrina ta tona asirin hukumomin agajin Amurka, kuma ba sai an yi dogon bayani ba. Da aka zo samun nasara daga baya a Hope, jihar New Mexico, da sahu biyu na sojoji aka same ta, bindiga mai sauƙi, harbi ɗaya a kai, cikin natsuwa.

Amma zuciyar littafin tana Afirka ta Kudu, a wurin wani mutum mai suna Paul Redeker. A zamanin wariyar launin fata, shi ne ya gyara wa gwamnatin fararen fata shirin da za su bi in baƙaƙe suka yi bore gaba ɗaya: wa za a ceta, wa za a bari. Mutum ne da ya ɗauki tausayi a matsayin nakasu ga tunani. Da ƙasa ta zo rushewa, sai sabuwar gwamnati ta nemo shi daga maɓoyarsa. Shirin da ya kawo kashi biyu ne. Na farko, ba za a iya ceton kowa ba, don haka sojoji su ja da baya zuwa wani yanki da duwatsu ko koguna ko teku suka kare, a tafi da waɗanda ake buƙata. Na biyu shi ne mai ɗaci. Waɗanda aka bari ba watsar da su kawai za a yi ba. Za a tara su a wurare daban-daban, a riƙa jefa musu abinci da harsashi don su daɗe da rai, saboda muddin suna raye, matattu za su taru a kansu su ƙyale yankin da aka keɓe. Wato a mayar da su abin tarko.

Manyan gwamnati suka yi tir da shi, har sai da wani dattijo da ƙasar ke girmamawa, wanda kowane mai karatu zai gane Mandela ake nufi, ya miƙe ya ce wannan shiri ne zai ceci mutanensu, ya rungume Redeker. Daga ranar ba a ƙara ganin Redeker ba. Wanda ke ba mu duk wannan labari wani ne mai suna Xolelwa Azania, mutum mai fara'a, yana magana kan Redeker da tausayi, kamar wanda ya san shi daga nesa. Sai bayan an gama hira, mai tambaya yana fita daga asibitin masu taɓin hankali a tsibirin Robben, ya sa hannu a takardar baƙi, inda ake rubuta sunan majinyacin da aka ziyarta. Sunan da ke wurin shi ne Paul Redeker.

Wannan juyi ba wasan wayo ba ne kawai. Yana tilasta maka ka koma ka sake karanta hirar da wani ido. Mutumin da ya gina rayuwarsa a kan rashin ji, runguma ɗaya ta sa ya ji, kuma abin da ya ji ya fi ƙarfin ya ɗauka da sunansa. Sai ya ƙirƙiri wani mutum, ya ba shi sunan baƙar fata, ya sa shi ya riƙa ba da labarinsa. Littafin bai ce shirin kuskure ba ne. Ƙasashe da yawa sun kwaikwaye shi, Amurka ma ta ja baya zuwa yammacin duwatsun Rocky, kuma da shi aka tsira. Tambayar da aka bar wa mai karatu ta fi "daidai ne ko kuskure" wuya. In abu ya zama dole kuma ya zama mugunta a lokaci guda, wa zai ɗauki nauyinsa, kuma me zai rage na wanda ya ɗauka?

Brooks bai amsa da bakinsa ba. Ya kawo waɗanda shirin ya bi ta kansu. Philip Adler, hafsan sojan Jamus, an umarce shi ya janye daga Hamburg ya bar fararen hular da yake karewa. Ya bi umarni, yana ƙudurin in ya isa zai kashe janar ɗin da ya ba shi. Kafin ya isa, janar ɗin ya harbe kansa. Wani zai ce ai nadama ce. Adler ya ce ragwantaka ce: mutumin ya san ana buƙatarsa a sauran yaƙin, ya gudu ya bar musu kayan. A Rasha, Maria Zhuganova ta ba da labarin yadda aka ladabtar da sojojin da suka yi bore. An raba su goma-goma, kowace ƙungiya ta zaɓi ɗaya daga cikinta, sauran tara su kashe shi da duwatsu. Bayaninta kan hikimar wannan zalunci yana da sanyi har cikin ƙashi: da zarar kowa ya sa hannu a jini, babu mai sauran bakin ƙin umarni, kuma kowa ya samu mafakar cewa sa shi aka yi.

Sai Jesika Hendricks, wadda tana yarinya iyayenta suka bi shawarar da kafafen labarai ke ta maimaitawa, cewa a nufi arewa, sanyi zai daskarar da matattu. Babu wanda ya gaya musu yadda ake rayuwa a hunturun Kanada. Ta ba da labarin yadda sansanin ya fara da waƙe-waƙe da raba abinci, ya ƙare da sata da faɗa. Da ta kwanta rashin lafiya, iyayenta suka yi cacar baki, mahaifinta ya fita ya dawo da kwanon miya mai zafi da nama a ciki. Ba ta tsaya dogon bayani kan naman ba. Mai tambaya ne ya ga tarin ƙasusuwa a wurin, an fasa su an tsotse ɓargo. A irin wannan wuri, abin da mai magana ta tsallake ya fi abin da ta faɗa nauyi, kuma mai nazari sai ya koyi sauraron gibin.

Akwai muryoyi biyu da ba za ka iya dogaro da su ba ko kaɗan, kuma da gangan aka yi su haka. Sharon budurwa ce da hankalinta ya tsaya a na 'yar shekara huɗu. Ba ta fahimci abin da ya faru a cocin da suka fake ba, tana kwaikwayon muryoyin manya ne kawai. Kai mai karatu ne za ka haɗa ka gane cewa iyaye sun fara kashe 'ya'yansu don kada matattu su same su, kuma hannun da ya shaƙe ta na mahaifiyarta ne. Christina Eliopolis kuwa matuƙiyar jirgin soja ce da ta faɗo a fadamar Louisiana, wata murya ta mace a rediyo ta yi mata jagora har ta fita. Daga baya aka ce rediyonta a lalace yake tun faɗowarta, kuma babu wata ma'aikaciya mai wannan suna. Ita dai ta tsaya a kan bakanta. Littafin bai raba gardamar ba.

Su matattun fa? Abin mamaki, su ne mafi ƙarancin muhimmanci. Ba su da murya, ba su da buri, ba a sulhu da su. Wasu marubutan sun bi ta ɗaya hanyar: M. R. Carey, a littafinsa na 2014, ya sa yarinya mai ɗauke da cutar ta zama idon da ake kallon duniya da shi, har mai karatu ya fara tambayar wane ne dodon. Brooks bai damu da wannan ba. A wurinsa zombi ma'auni ne, abu guda da ba ya canjawa da ake gwada kowace al'umma da shi. Iran da Pakistan sun ƙare da jifan juna da nukiliya saboda kwararar 'yan gudun hijira da rashin hanyar magana tsakaninsu. Kyuba, da ta saba da takunkumi, ta fito ta zama mai arziki, Amurkawa ne ke shiga jiragen ruwa suna neman mafaka a wurinta. A cikin Amurka kanta, lauyoyi da manyan masu harkar fim sun wayi gari ba su da sana'ar da za ta amfani kowa, masu aikin gidansu na da suka koma koya musu aikin hannu. Wata ma'aikaciyar gidan rediyon duniya ta ce cikin manyan ayyukansu akwai yaƙi da jita-jita, har da ta magungunan ƙarya. Wanda ya ga yadda saƙon wanka da ruwan gishiri ya zaga Najeriya cikin dare ɗaya lokacin Ebola a 2014, har wasu suka kwana a asibiti, ba zai ce an yi ƙari ba.

Littafin yana da rauninsa, kuma a daidai inda ƙarfinsa yake. Masu magana sun haura talatin, amma sau da yawa harshensu ɗaya ne: likitan Sin, injiniyan Indiya da sojan Amurka duk suna iya tsara labari da irin gwanintar Brooks, da irin barkwancinsa. Wasu taurarin kuma ba mutane ba ne sosai, tutar ƙasarsu ce aka ba baki. Japan ta samu matashi mai kwana a gaban kwamfuta da makaho mai aikin lambu da ya zama gwanin faɗa. Rasha ta koma daular addini mai mulkin ƙarfe. Mata ba su kai goma ba. Afirka kuwa, in ka cire Afirka ta Kudu, babu mai magana da yawunta. Littafin da ke kiran kansa tarihin yaƙin duniya bai tsaya ya tambayi kowa a Legas ko Kinshasa ko Alƙahira ba. Koriya ta Arewa ma ba ta da murya, amma wannan da dabara aka yi: al'ummar ƙasar gaba ɗaya ta ɓace, ana zaton ta shige ƙarƙashin ƙasa, kuma wani jami'in Koriya ta Kudu ne ke ta zullumin ko mutane ne a ramukan ko miliyoyin gawawwaki. Shirun Koriya yana cikin labarin. Na Afirka ta Yamma mantuwa ce kawai.

Matsalar kamannin harshe ta ragu a sigar sauti ta littafin, inda 'yan wasa daban-daban suka karanta, Mark Hamill ya ɗauki muryar Wainio, Alan Alda ya ɗauki ta jami'in da ya sake tsara tattalin arzikin Amurka. Fim ɗin 2013 kuwa, wanda Brad Pitt ya ja, suna kawai ya ɗauka. Ya mayar da mai tattara labari jarumi mai tsalle daga jirgi zuwa jirgi, ya sa matattu gudu maimakon jan ƙafa, ya kuma ƙare da gano wata dabarar likitanci da ke ɓoye mutum daga idonsu. Da zarar an samu irin wannan mafita, babu sauran buƙatar a zaɓi wanda za a bari a baya, don haka Redeker bai fito a fim ɗin ba, haka ma Adler da Jesika.